SAI AN GWADA A KAN SAN NA ƘWARAI

Zancen yau a kan masu binciken ilmin kimiyya ne, da hanyar da su ke bi kafin su ce abu kaza tabbas ne, abu kaza kuwa zato ne kurum.

Mutanen ƙasar nan sun kasu kashi biyu game da wannan sha'ani. Akwai waɗanda in an ce musu masana sun gano abu kaza, sai su kaɗa kai su ce ai siddabarun Turawa ne, ba ruwansu. Akwai kuma waɗanda da zarar sun ji an ambaci kimiyya, ko sun ga kwalba da rubutun boko a jikinta, shi ke nan sun sallama, ko tambaya ba su yi. Dukansu biyu hasara su ke yi. Na farko ya kan hana garkensa allura har cuta ta cinye masa shanu, na biyu kuwa ya kan juye kuɗin guminsa a aljihun ɗan damfara. Abin da ya jawo musu haka ɗaya ne, watau ba wanda ya tsaya ya bayyana musu yadda a ke aikin. Alhali kuwa tushensa ba shi da wuyar ganewa. Manomi da makiyayi suna iya fahimtarsa sarai, har su yi amfani da shi a gona da ruga.

A duba yadda a kan ba da shaidar magani a kasuwa. Mai talla ya ce wane ya sha, bayan kwana uku ya miƙe. Gaskiya ne wane ya sha, gaskiya ne kuma ya miƙe. Amma saura tambaya guda: da bai sha ba fa, da yaya? Yawancin mura da ciwon ciki da ƙananan zazzaɓi su kan yi kwanakinsu su wuce, ko an sha magani ko ba a sha ba. Mutum kuwa ba ya cika neman magani ba sai ciwo ya kai maƙura, watau daidai lokacin da ya ke shirin juyawa. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama, magani ya kwashe yabo. Har wa yau, wanda ya warke shi ke yawo yana ba da labari. Wanda ya sha bai warke ba yana kwance a ɗaka, ko kuwa yana kushewa, ba mai ƙidaya shi.

Abin da masu bincike su ke yi domin su kuɓuta daga wannan ruɗu shi ne kwatanci. A samo masu ciwo iri ɗaya, a raba su kashi biyu, a ba kashi ɗaya magani, a bar ɗayan, sa'an nan a zuba ido a ƙidaya. In waɗanda aka ba sun fi warkewa da rata mai yawa, magani ya yi aiki. In kuwa duk ɗaya ne, to, an san ruwa a ke sayarwa. Wannan dabara ba jiya aka fara ta ba. Mashahurin likitan nan Abubakar Arrazi, wanda ya shugabanci asibiti a Bagadaza, ya rasu wajen shekarar 925 ta Miladiyya, ya ba da labari cikin littafinsa Alhawi cewa ya sami wasu mutane da alamun ciwo mai kama da sanƙarau, ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan domin ya tabbatar da ra'ayinsa. Likitocin yau ba su maganin sanƙarau da fitar da jini. Amma tunanin nan nasa na a bar wasu domin a sami abin kwatantawa, shi ne ginshiƙin aikinsu har yanzu.

Misalin da ya fi fito da wannan hanya fili shi ne na ciwon saifa, wanda kowane makiyayi ya sani. Dabba tana kiwo lafiya lau da safe, kafin la'asar ta faɗi matacciya, baƙin jini yana fita ta hanci da dubura, in an feɗe ta a tarar saifa ta kumbura. A ƙarni na 19 wannan cuta ta addabi tumakin Turai ƙwarai, har makiyayan Faransa suna kiran wasu filaye la'anannu, domin duk garken da ya yi kiwo a cikinsu sai ya yi mushe. A shekarar 1876 wani likitan ƙauye Bajamushe mai suna Robert Koch ya ɗauki jinin dabbar da ta mutu, ya duba da madubi mai ƙara girman abu, ya ga wasu ƙwayoyi kamar 'yan sanduna. Wasu sun riga shi ganinsu. Abin da ya ƙara shi ne bai tsaya ga gani ba. Ya raba ƙwayoyin da jinin, ya rene su a waje, iri bayan iri, sa'an nan ya sa wa ɓeraye, suka mutu da ciwon saifa. Ya kuma gano cewa ƙwayar ta kan dunƙule ta zama kamar ƙwayar iri mai tauri, ta kwanta cikin ƙasa shekara da shekaru tana jiran dabbar da za ta haɗiye ta da ciyawa. Ashe la'anar filayen nan mushen da aka yar a cikinsu ne. Shi ya sa likitocin dabbobi su ke hani da feɗe irin wannan mushe ko cin namansa.

Da aka san mai laifi, sai neman makari. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, ya ba da sanarwa a farkon 1881 cewa in an raunana ƙwayar aka sa wa dabba, jikinta ya kan koyi yaƙi da ita, har in mai ƙarfin ta zo ba ta kayar da ita. Likitocin dabbobi da yawa suka ƙi yarda, domin Pasteur ba likita ba ne, masanin harhaɗa sinadarai ne. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Rossignol, ya ce magana ba ta isa ba, a zo a gwada a bainar jama'a. Ƙungiyar manoman garin Melun ta ba da dabbobi, shi kuwa ya ba da gonarsa a wani ƙauye da a ke kira Pouilly-le-Fort, kudu maso gabas da birnin Faris. Pasteur ya amsa. Tun kafin a taɓa ko tunkiya guda, ya sa hannu a takarda cewa tumakin da aka yi wa rigakafi za su rayu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa za su mutu duka. Ya rufe wa kansa ƙofar gudu ke nan.

Ran 5 ga Mayu, 1881, aka yi wa tumaki 24 da akuya 1 da shanu 6 allurar farko, aka huda wa tumakin kunne domin shaida. Ran 17 ga wata aka yi musu ta biyu. Aka ware wasu tumaki 24 da akuya 1 da shanu 4, ba a yi musu kome ba. Ran 31 ga Mayu aka kawo ƙwayar cuta mai ƙarfi domin a sa wa dukansu. Nan masu shakka suka ce a girgiza kwalbar, kada a ba wasu na sama a ba wasu na ƙasa, a kuma ƙara yawan abin da za a zuba, a riƙa yi wa mai shaida ɗaya, marar shaida ɗaya, a jere. Pasteur ya yarda da sharuɗɗan nan duka. Ran 2 ga Yuni mutane fiye da 200 suka taru, da manoma da likitoci da hukumomi, har da wakilin jaridar Times ta Landan. Suka tarar tumaki 21 daga cikin waɗanda ba a yi wa rigakafi ba sun riga sun mutu, da akuyarsu. Biyu suka faɗi a kan idon jama'a, ta ƙarshe ta bi su kafin dare. Shanun nan 4 ba su mutu ba, amma sun yi zazzaɓi da mugun kumburi. Masu shaida a kunne kuwa suna tsaye suna cin ciyawarsu. Gani ya kori ji.

To, mai karatu ya lura da abubuwa huɗu cikin wannan labari, domin su ne asirin aikin in akwai asiri. Na farko, an faɗi abin da zai faru tun bai faru ba, da magana mai fuska ɗaya, yadda in ya saɓa kowa zai ga kunyar mai faɗi. Ɗan duba ba ya yarda da irin wannan sharaɗi. Maganarsa kullum mai harshen damo ce, ko ta ina abu ya faɗi ya ce ai ya faɗa. Na biyu, tumakin nan 24 da aka bari su ne shaidun shari'ar. Da an yi wa garken duka allura suka rayu, da masu musu sun ce ƙwayar da aka sa musu ce ba ta da ƙarfi, ba kuwa mai iya ƙaryata su. Na uku, an daidaita kashin biyu cikin kome, kwalba ɗaya, rana ɗaya, gona ɗaya, ba abin da ya bambanta su sai rigakafi. Na huɗu, an yi abin a gaban abokan hamayya, an kuma rubuta sakamako duka, mai daɗi da marar daɗi. Wata tunkiya mai ciki daga cikin masu rigakafi ta mutu daga baya, ba a ɓoye ba. Aka feɗe ta aka tarar ɗan da ke cikinta ya daɗe da mutuwa, aka sa wannan cikin rahoto.

Wani zai ce, wannan ai dabbobi ne, yaya za a yi da mutane, a ba wani magani a hana wani? Tambaya ce mai nauyi, masana kuwa ba su raina ta ba. Wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu an sami sabon maganin tarin fuka mai suna streptomycin, amma abin da Ingila ta iya saye kaɗan ne, ba ya isar kowa. Sai likitocinsu suka ce tun da tilas wasu su rasa, bari ƙuri'a ta zaɓa, kada son zuciyar likita ya shiga, ya riƙa ba masu sauran ƙarfi sabon magani ya bar raunana. Aka rufe rabon kowa cikin ambulan, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majinyaci. Mutum 55 suka sami allura da hutu a gado, mutum 52 suka sami hutu kaɗai, wanda shi ne jinyar da aka saba a lokacin. Cikin wata shida 4 suka rasu a kashin farko, 14 a na biyu. Aka buga sakamakon a 1948. Tun daga nan raba majinyata da ƙuri'a ya zama ƙa'ida. Yau in akwai tsohon magani mai aiki, da shi a ke kwatanta sabo, ba a barin mutum hannu rabbana.

Amma fa gwaji a kan ɗan Adam yana da sharaɗin da ba ya faɗuwa, watau a gaya masa gaskiyar abin da za a yi, ya yarda da kansa. Kanawa sun san zafin wannan magana. A shekarar 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi tsohon. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji a ke yi ba, kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe su. Aka yi ta shari'a har 2009, sa'ad da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya ga gidajen nan ba. Zargin da abin ya haifar yana cikin dalilan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Mai bincike da ya yi wasa da amanar jama'a ya cuci ilmin da ya ke taƙama da shi, haƙƙi ne kuwa a kan hukuma ta sa ido.

Wani kuma zai ce, ai masanan nan ba waliyyai ba ne, suna da hassada da son suna kamar kowa. Haka ne. Pasteur kansa ya yi wa iyalinsa wasiyya kada a nuna wa kowa kundayensa. Jikansa ya ba da su ga babban ɗakin ajiye littattafai na Faransa a 1964, wani malamin tarihi mai suna Gerald Geison ya bi su dalla-dalla, ya buga abin da ya gani a 1995. Ashe Pasteur ya bar jama'a suna zaton da iska ya raunana ƙwayar da ya yi wa tumakin nan allura, kamar yadda ya saba koyarwa, alhali kuwa mataimakansa ne suka raunana ta da wani sinadari, hanyar da ta yi kama da ta wani abokin takararsa mai suna Toussaint. Wannan aibi ne, ba a kuwa rufe shi domin girman mai shi ba. Amma tumakin da suka rayu sun rayu, domin bayan gwajin an yi wa dubban ɗaruruwan dabbobi allurar a Faransa da wasu ƙasashe, mace-mace suka ragu a hannun mutanen da ba su taɓa ganin Pasteur ba. Koch ma bai ƙyale shi ba, sun yi ta sukar aikin juna a fili. Irin wannan gaba ita ke tsare gaskiya, domin kowa ya san akwai mai jiran ya ga kuskurensa. Saboda haka in an ji masana sun sake magana, bara sun ce kaza bana sun ce kaza, kada a ɗauka rashin sani ne. Sabon gwaji ne ya zo ya gyara tsoho.

Ƙasar nan ma ta ci moriyar wannan hanya. Bushiya ta shigo Afirka a 1887 ta tashar Masawa a gaɓar Bahar Maliya, tare da shanun da sojan Italiya suka kawo. Cikin 'yan shekaru ta ratso har ƙasar Hausa da Barno, ta bar Fulani da yawa da sanda kaɗai. Domin yaƙi da ita aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, a 1924. Wani likitan dabbobi Bature, Walter Plowright, wanda ya yi aiki a Vom ɗin kafin a mai da shi Muguga ta ƙasar Kenya a 1956, ya riƙa renon ƙwayar bushiya cikin tsokar ƙodar maraƙi, yana juya ta daga kwalba zuwa kwalba, yana gwada ƙarfinta a jikin shanu, har juyi ya haura 70, ya sami wadda ba ta kayar da saniya amma tana ba ta kariya muddin ranta. A 1962 aka fara gangamin allura na haɗin gwiwa a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, cutar ta ja da baya ƙwarai. Da aka yi sakaci ta dawo a farkon shekarun 1980 ta yi ɓarna mai yawa. Aka sake ɗamara, aka bi ta ƙasa ƙasa, har a 2011 aka ba da sanarwa cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Yaron da ke bin shanu yau sai dai ya ji sunanta a bakin kakansa.

Kada kuma a ɗauka wannan hanya gaba ta ke yi da sassaƙe da saiwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci su ke bayarwa yanzu asalinsa wani ganye ne dangin tazargade, wanda wata masaniya 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ta tsinto cikin tsofaffin littattafan magungunan ƙasarsu. Ita da abokan aikinta sun yi ta tace itatuwa suna gwadawa a jikin ɓeraye, ɗaya bayan ɗaya yana faɗuwa, sai samfuri na 191 ya ci, a shekarar 1971. An ba ta lambar girma ta Nobel a 2015. Cikin abin da masu maganin gargajiya na ƙasar Hausa suka gada, lalle akwai mai amfani, akwai wanda ba ya kome, akwai kuma mai lalata ƙoda da hanta. Ba a rarrabe su da rantsuwa ko yawan shekarun mai sayarwa. Wanda ya amince da maganinsa ya kai shi jami'a a gwada, kamar yadda Pasteur ya kai nasa gonar mai musu da shi. Jami'o'in kuma su karɓe shi da mutunci, in abin ya ci a ambaci sunansa a ba shi rabonsa.

Abin da a ke nema ga mai karatu bai fi ƙarfinsa ba. In an kawo masa sabon iri ko sabon taki, kada ya ƙi, kada kuma ya zuba a gonarsa duka. Ya ware kunya goma ya sa sabon, ya bar goma kusa da su a kan yadda ya saba, ya shuka su rana ɗaya, ya yi musu noma ɗaya, da kaka ya auna kowanne da mudu ɗaya ya rubuta. In ya maimaita baɗi, maƙwabcinsa ma ya yi, to, abin da suka samu ya fi maganar kowane mai talla. In kuwa an zo masa da magani, ko na kwalba ko na ƙunshi, ya tambaya: mutum nawa aka ba, da su wa aka kwatanta su, wa ya ƙidaya, wane ne kuma ya sake gwadawa ya sami haka? Almajirin da ya saba tambayar malaminsa a wane littafi aka faɗi kaza, ba zai ga baƙon abu cikin wannan ba. Mai gaskiya ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi, wanda ya yi fushi kuwa a riƙe kuɗi a aljihu tukuna.

Allah ya ba da ikon lura. Haza wassalam.